Mafitar Ruwa a Gonar Maigandi

Gulma, 23 ga Yuli.

Zuwa ga ƙanwata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin koma Gesse lafiya. Ina maigidanki, ina yara, ina ɗalibanki? Kin san kunnen nan nawa da waya ba su shiri, shi ya sa na ba direba takarda ya kawo miki.

Matata Zuhura ta samu sauƙi. Washegarin suna zazzaɓi ya kayar da ita, munka kwashe kwana biyar a asibitin Argungu. Jaririya Asiya kam lafiya lau, sai tsotso.

Wannan ke nan. Ummu Hani, shinkafar Baba ta mutu.

Ranar Juma'a, jajibirin suna, na ga hadari na haɗuwa, sai na tahi gonar bakin Tafkin Ɓaure na yanke ganuwa ta gefen tafki, kamar yadda Baba ke yi, don ruwan da ke gangarowa daga dutse ya samu hanya ya wuce. Shi ya sa na zauna asibiti hankalina kwance. Shekaranjiya da na isa ban ga gona ba, jan ruwa na gani har ƙugu. Wani ya toshe mafitar, toshewa ta mugunta, buhu biyu cike da laka an bi an tattake. Shinkafar nan tamu, mai-jan-gemu, in ta yi ƙarfi ba ta tsoron ruwa, bin shi take yi sama, amma wagga sati uku gare ta. Na sa hannu na ciro, ta ruɓe kamar rama a tukunya. Kuma duk irin na zuba bana, don ƙwari sun ci rabi cikin rumbu. Ko ƙwaya ban rage ba. Irin da Baba Maigandi ya gada ga kakanmu, a hannuna ya ƙare.

Na san wanda ya yi. Shebur ɗin Sadiƙu mai shagon injuna na tarar soke bisa ganuwa, mai jan fenti a ƙota, buhunan ma na bukkarshi ne. Bara ya yi mini ƙorafi wai ruwan mafitata na cin gefen gonarshi. Gonarshi! Gonar da Baba ya ba shi aro. Ranar suna kuma yana garin, ke ma ai cikin motarshi kika zo.

Shekara ashirin muna cin tuwo kwano guda da mutumen nan. Ashe gaskiya ne, tsintacciyar mage ba ta mage. Asabar mai zuwa in ya zo, gaban dattawa zan tsai da shi.

Ki gai da mutanen gida. Ke malamar aikin gona ce, ki duba cikin littattafanku ko akwai babin ta da matacciyar shinkafa.

Wanki,
Riskuwa Maigandi


Gesse, Birnin Kebbi, 26 ga Yuli.

Yaya Riskuwa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta same ni ina tsakiyar duba jarabawar yara. Alhamdu lillahi da Zuhura ta tashi, a shafa mini kan Asiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sau uku na karanta maganar shinkafa, ranar ko abinci ban iya ci ba. Allah ya mayar da alheri.

Amma Yaya, don girman Allah ka bi a hankali. Shebur ba ya magana. Bukkar Yaya Sadiƙu ba ƙofa gare ta ba, kowa na iya shiga ya ɗauka, ga masunta, ga makiyaya, ga masu wucewa. Wataƙila ma wanda ya yi ba da mugun nufi ya yi ba, ka san ba kowa ya san aikin fadama ba. Kada ka kai maganar gaban dattawa tukuna. Ka jira a yi hutu in zo, mu zauna mu uku. Magana zarar bunu ce, Yaya.

Zan tambayi abokan aikina ko akwai inda za a samu irin.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Ummu Hani


Gwadangaji, 31 ga Yuli.

Malama Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ina maigida da yara? Na fi son in rubuta, don in na kira ki a waya muryata ba za ta yi kyau ba.

Shekaranjiya an tsai da ni a zauren mai unguwa a Gulma. Na je da wata magana a bakina wadda na san za ta sanyaya ran Riskuwa. Ko takalmi ban gama cirewa ba ya jefo shebur gabana. Kin san mai ciwon kunne ba ya magana a hankali, har na bakin masallaci sun ji. Ya ce Baba ya ɗauko baƙo ya sa cikin gida. Ya ce Bayarabe ko ya shekara ɗari a gari, ribarshi kawai ya sani. Sai na haɗiye maganata na koma da abata.

Malama, a Gwadangaji anka yanke mini cibiya. Uwata tana kwance a maƙabartar garin nan. Ogbomosho sau biyu na taɓa zuwa, can ma Bahaushe suke ce mini. Injin ban-ruwa na kai wa Baba Maigandi ina saurayi, ya dube ni ya ce hannun nan ya fi ƙarfin kanti, ya yanka mini gona ya koya mini riƙon galma. Shi ya mai da Sodiq Sadiƙu. Ranar da ya rasu mu biyu munka shiga kabari munka karɓe shi, ni da Riskuwa. Ranar ba wanda ya tambayi asalina.

Na ce musu wallahi ban toshe ba. Mai unguwa ya ce to wa ya ɗauki shebur? Nan na yi shiru, sunka ce shirun ya isa shaida.

Ni na buɗe bayan mota na ba ki takalmin ruwa, da kika ce kina son ki ga gonar Baba kafin mu koma. Ni na ce in ruwa ya tsananta ki fake a bukkata. Kin dawo laka har gwiwa, kika ce santsi ne ya kwashe ki. Ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Sunan ɗiyar Maigandi ba zai shiga zauren maza ta bakina ba. Na san ba mugunta kika yi ba. Amma ina zaune a wurin ina duban ƙofa, wai ko takarda za ta shigo daga Gesse.

Sun yanke in girbe abin da na shuka in bar gonar. Na ce su riƙe har abin da ke ciki.

Takalmin yana nan a mota, ban wanke ba.

Allah ya bar zumunci.

Sodiq


Gulma, 6 ga Agusta.

Ummu Hani,

Salamu alaikum, ina gida? Takardarki ta zo, na gode da wa'azi. Masunta ba su taɓa ganuwar manomi, makiyayi kuma mi zai yi da shebur? Duk wanda ya sha ruwan fadamar nan ya san mafita in ya gan ta.

An gama. Na tsai da shi, anka tambaye shi, ya sunkuyar da kai kamar tunkiya. Ya bar gonar har da shukar ciki, wai shi mai zuciya. To ni ma ina da tawa. Ban cin abin da hannunshi ya shuka. Na ɗaure shanun huɗata a ciki kwana uku sunka share ta, jiya na sa garma na kife wurin tun daga bukka har bakin tafki. Zan dasa shinkafar zamani ko mun samu na tuwo.

Ba sai kin zo don wannan ba.

Riskuwa


Gesse, 19 ga Agusta.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina Zuhura da Asiya? Ka zauna kafin ka karanta wannan. Sau huɗu ina rubuta ta ina yagawa.

Ni ce na toshe mafitar.

Ranar suna, bayan an raba goro, gida ya cika da mata, sai kewar Baba ta taso mini. Na ce wa mata zan je gai da Gwaggo, na ari takalmin ruwa wurin Yaya Sadiƙu, na bi hanyar tafki. Yayyafi ake yi lokacin. Na so in hau dutse in hangi gonar daga sama, amma hadari ya sauko ya rufe kawunan tuddan gaba ɗaya, sai na bi ta ƙasa, ta bakin ruwa, hanyar da muke bi da ƙwaryar abinci lokacin girbi.

Yaya, rabona da hanyar nan shekara goma sha ɗaya, kuma ban taɓa bin ta da damina ba. Tafkin ya cika ya shanye gindin ɓauren, bado ya rufe gefe guda, ruwan sama na zuba a kansa ba ƙaƙƙautawa. Na wuce jiragen masunta biyu a kife, ba kowa. Wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, bai ko kula ni ba. Laima ta zama banza, iska ta juye ta, na naɗe ta na ci gaba a jiƙe. Kowane kwazazzabo na dutsen ya zama rafi, jan ruwa na tsallake hanya yana faɗawa tafki, ina ƙetarewa takalmi na cika. Ina tafe ina kuka, amma wallahi daɗi nake ji. Ji nake kamar in na sha kwanar giginyun nan zan tarar da Baba a duƙe.

Da na iso gonar sai na ga shuka kore shar, ta yi kyau har ta ba ni tausayi. Sai kuma na ga ganuwa a fashe, ruwa na fita da gudu, jawur, yana tafiya da ƙasar Baba cikin tafki. Shekara tara ina koya wa yara cewa in ruwa ya fasa ganuwa zai kwashe albarkar ƙasa, har zane nake yi musu a allo. Na ce Yaya na can cikin baƙi, kafin ya sani gona ta zube. Ban lura cewa bakin wurin a yanke yake sumul ba. Sai yanzu nake ganin shi a idona.

Na shiga bukka na ɗauko shebur da buhu biyu. Na fi awa guda ina fama, ruwa na dukan bayana, na faɗi sau biyu, farcena ya fita. Da ruwan ya tsaya na hau na tattake da ƙafa. Na tsaya ina haki, na ce da ƙarfi, Baba, yau dai ga Ummu ta yi maka aikin gona. Ka ji wautar ƙanwarka. Na dawo ina ɗokin in ba ka labari ka daina ce mini malamar noman allo, na tarar kana cikin maza, mota kuma na jira.

Da takardarka ta farko ta zo na gane abin da na yi tun ban kai ƙarshenta ba. Na ɗauki biro in gaya maka, sai na tuna yadda za a yi ta ba da labarin a Gulma har jikokina, na rubuta maka masunta da makiyaya. Yaya Sadiƙu ya san ni ce tun ranar. Shi ya ba ni takalmin. Ya tsaya a zauren ka zage shi da asalinsa, ya yi shiru don kada sunana ya fito. Ya rubuto mini, na karanta, na sa a ƙarƙashin katifa na ƙara sati uku. Toshewar kuskure ce, amma shirun da gangan na yi shi, kuma shi ne ba na iya barci da shi.

Ban ce ka yafe mini ba. Ka je wurinsa. In kana so in zo zauren in faɗa da bakina, zan zo.

Ƙanwarka,
Ummu Hani


Gulma, 27 ga Agusta.

Ummu Hani,

Wa alaikis salam. Muna lafiya.

Na karanta. Na ba Zuhura ta karanta mini kuma, ko idona ne ya bi kunnena.

Shinkafar na yafe. Ba laifinki ba ne ke kaɗai, Baba bai taɓa kai ki gona da damina ba, ni kuma ban taɓa nuna miki komi ba sai dariya. Wanda bai sani ba ya fi wanda ya sani ƙarfin hali, haka abin yake tun fil azal. Da ranar kika faɗa, da na yi faɗa na kwana biyu, da yanzu muna yi miki tsiya ana dariya.

Amma kin bar ni na tashi gaban mutane na buɗe bakin nan nawa. Kin san halina, kin san in na hau ba ni da birki. Layi ɗaya ya isa, Ummu. Direban nan kullum yana hanya. Kika aiko mini da karin magana.

Kuma kada in ɗora miki duka. Ba ke kika sa mini kalmar baƙo a baki ba. Tana nan cikina ashe, shekara ashirin, ban sani ba sai da ta fito. Ko da shi ya toshe, bai kamata in faɗe ta ba. Wannan nawa ne.

Ba sai kin zo zaure ba. Ranar Juma'a bayan an sauko na tashi na faɗa da kaina, na ce Sadiƙu bai yi ba, kuskure ne daga cikin gidanmu, ban kama suna ba. Wasu sunka ce Allah ya kyauta. Wasu da sunka fi kowa gyaɗa kai rannan sunka ce su dama ba su yarda ba. Mutane ke nan.

Jiya na shiga mota na tahi Birnin Kebbi, na same shi a shagonshi cikin injuna. Ya tashi ya ba ni kujera, ya aika anka kawo mini ruwan sanyi a kofin baƙi, mai fure. Da can a butarshi nake sha. Na faɗi abin da ya kawo ni, na ce ya dawo ya zaɓi inda yake so a fadamar, ko tawa ce. Na gaya mishi abin da na yi wa shukarshi, don kada ya ji a bakin wani. Nan ne na ga fuskarshi ta canza. Sannan ya yi magana, bakinshi na motsi, ana gwada wani inji a gefe, ban ji ko kalma guda ba. Kunya ta hana ni in ce ya maimaita. Ya gane, ya yi mini alama da hannu cewa zai rubuto.

Kada ki zo hutun nan. Ba korar ki na yi ba, gidan ubanki ne. Ina son in ga fuskarki lokacin da zan iya amsa gaisuwarki da gaskiya, yanzu kuwa ban iyawa.

Riskuwa


Gwadangaji, 30 ga Agusta.

Malam Riskuwa,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar hanya, ina mai jego da Asiya?

Na yafe maka, duniya da lahira. Malama ma na yafe mata, ka gaya mata.

Ga abin da na faɗa ba ka ji ba. Shekarar da Baba zai rasu ya ba ni mudu guda na mai-jan-gemu, ya ce iri ba ya zama a rumbu ɗaya. Tun sannan kowace damina ina zuba ta a 'yar kusurwar bayan bukka. Bana da na ji ƙwari sun shiga rumbunka na ƙara mata faɗi. Abin da na zo gaya maka ke nan a zaure. Da na bar gonar na ce ba komi, in ta fid da kai za ka gane ta da kanka. Kai da ka san ta tun tana ganye biyu, ban zaci za ka sa garma ba ka duba ba.

Na zazzage gwangwanin, abin da ya rage a gindi bai cika tafin hannu ba. Yana cikin ƙullin da direba zai ba ka. Ka ajiye nesa da ƙwari, baɗi ka zuba a tudu inda idonka ke kai.

Gonar kuwa na gode, ka bar ta. Na gwada tunanin kaina a zauren nan ana gaisawa, na ga ba zan iya ba. In kun tashi ɗaurin auren Asiya ku aiko da kati, zan zo in zauna inda baƙi ke zama.

Shebur ɗin ka riƙe.

Sodiq